Cacar Wimbledon: Mai Bin Gwani Ma Asara Yake Tafkawa

Idan aka rufe kakar ƙwallon ƙafa a Turai, kamfanonin caca ba sa naɗe tabarma su tafi hutu. Nema wa abokan cinikinsu wata ƙofar suke yi, kuma a ƙarshen Yuni da farkon Yuli babu ƙofar da ta fi faɗi kamar gasar tanis ta Wimbledon da ake yi a kudu maso yammacin Landan. Ita ce gasar tanis mafi daɗewa a duniya, tun 1877 ake buga ta, kuma a cikin manyan gasanni huɗu na shekara ita kaɗai ta rage a kan ciyawa. 'Yan wasa 128 a ɓangaren maza, 128 a ɓangaren mata, mako biyu ana fafatawa daga hantsi zuwa dare. Ga mai son wasan, biki ne. Ga kamfanin caca kuwa, kasuwa ce mai ci kullum.

Akwai wata shawara da ake ta maimaita wa sababbin shiga wannan kasuwa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wai kada ka yi kwaɗayi, kada ka bi 'yan wasan da ba a sani ba, ka tsaya a kan gwanayen da kowa ya yarda su za su ci. Ribar kaɗan ce amma tabbatacciya. Masu wannan magana ba sa ma ɗaukar kansu a matsayin 'yan caca. Ce maka za su yi nazari suke yi, sun san wasan, sun duba tarihi, wasan nan "shuwa" ne. Ni kuwa a ganina wannan shawarar ta fi cacar ganganci illa, domin mai ganganci ya san ganganci yake yi, yana iya jin tsoro ya ja da baya. Wanda aka gamsar cewa yana kan tudun-mun-tsira shi ne yake zuba kuɗin haya da jarin shago.

Ba zan ɓoye abin da ya ba wannan shawara ƙarfi ba. Daga 2003 zuwa 2022, mutum huɗu kacal ne suka ɗaga kofin maza a Wimbledon: Roger Federer sau takwas, Novak Djokovic sau bakwai, Rafael Nadal sau biyu, Andy Murray sau biyu. Bayansu Carlos Alcaraz ya ɗauka a 2023 da 2024, Jannik Sinner ya ɗauka a 2025, dukansu kuma suna sahun gaba a duniya lokacin da suka ci. Duk wanda ya taso yana ganin wannan jerin sunaye zai yi zaton a Wimbledon ba a mamaki. Sai dai jerin waɗanda suka ɗaga kofi ba ya nuna maka gawarwakin da aka bari a hanya, kuma a kan hanyar nan ce ake zuba mafi yawan kuɗin caca, wasa bayan wasa.

A ɗauki Nadal. Tsakanin 2006 da 2011 ya kai wasan ƙarshe sau biyar. A 2012 ya shigo zagaye na biyu da wani ɗan ƙasar Czech mai suna Lukas Rosol, wanda yake na 100 a duniya, mutumin da a shekarun baya ko wasannin share fage na shiga gasar ba ya tsallakewa. Suka raba turmi huɗu, biyu da biyu (turmi shi ne babban kashi na wasan tanis, kuma a ɓangaren maza sai an ci uku ake yin nasara). Duhu ya fara shigowa, aka dakatar da wasa aka ja rufin babban fili, aka kunna fitilu. Kowa ya ɗauka hutun nan zai sanyaya wa baƙon gwiwa, ya tuna da wa yake karawa. Da aka dawo sai ga Rosol yana dukan ƙwallo kamar wanda ba shi da abin asara, bugun da Nadal ko taɓawa ba ya iya yi. Ya rufe turmin ƙarshe da 6-4. A zagaye na gaba aka fitar da Rosol ɗin, wato ba wani sabon gwani ne ya bayyana ba, yini ɗaya ne ya zo masa daidai. Shekara ta zagayo, Steve Darcis na 135 a duniya ya fitar da Nadal a zagayen farko. A 2014 Nick Kyrgios, yaro ɗan shekara 19 da yake na 144, ya fitar da shi. A 2015 Dustin Brown, na 102. Shekara huɗu a jere, mutum huɗu da babu ko ɗaya a cikin 99 na farko. A kowane ɗaya daga waɗannan wasanni Nadal ne "shuwa".

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2013 Sergiy Stakhovsky na 116 ya kori Federer a zagaye na biyu, alhali Federer ne mai riƙe da kofin. A shekarar ce Sabine Lisicki ta tsayar da Serena Williams bayan ta ci wasa 34 a jere. A 2016 Djokovic ya zo Landan riƙe da dukkan manyan kofuna huɗu a hannunsa, Sam Querrey ya sallame shi a zagaye na uku. Mu ma muna da namu a wannan tarihi: a 1983 ɗan Najeriya Nduka Odizor ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko, ya ci gaba har zagaye na huɗu.

Wannan ba tsautsayi ba ne kawai, yanayin ciyawa ne ya gaji haka. A kan jar ƙasa irin ta gasar Faransa ƙwallo takan yi tsalle sama, ta rage gudu, a yi ta musayar bugu, a ƙarshe wanda ya fi ƙwarewa da juriya ya yi rinjaye. A kan ciyawar da aka aske ta koma milimita takwas, ƙwallo santsi take yi, ta taho ƙasa-ƙasa da sauri. Maki yakan ƙare a bugu biyu ko uku. Dogon mutum mai ƙarfin bugun farko, ko da ba shi da wata fasaha bayan wannan, yana iya cin duk wasannin da shi yake fara bugu a cikinsu har a kai turmi ga bugun raba gardama, inda kuskure ɗaya ko ƙwallon da ta taɓa raga ta gangara ke yanke hukunci. Haka Ivo Karlovic, wanda yake bayan na 200 a duniya, ya fitar da mai riƙe da kofi Lleyton Hewitt a ranar farko ta gasar 2003. An canza irin ciyawar a 2001, wasan ya ɗan rage sauri, amma halin filin bai gushe ba. A makon farko ma ciyawar ɗanya ce shar, ƙafa na zamewa. A 2021 Serena ta zame a wasanta na farko, ta ji rauni, ta fita da hawaye ba a ko gama turmin farko ba.

Sannan kakar ciyawa gajeriya ce ƙwarai. Mako uku ne kawai tsakanin ƙarshen gasar Faransa da farkon Wimbledon, kafin 2015 ma mako biyu ne. Matsayin da ɗan wasa yake da shi a jerin gwanayen duniya, wanda mai caca yake dubawa ya ce wannan ya fi wancan, galibinsa a kan daɓe da jar ƙasa aka tara shi. Su kansu masu shirya gasar sun san da haka, shi ya sa har zuwa 2019 suke da nasu lissafin na jera gwanayen maza, wanda yake ƙara wa nasarorin kan ciyawa nauyi.

A ɓangaren mata abin ya fi fitowa fili, domin turmi biyu ake buƙata a ci wasa, ba uku ba kamar na maza, don haka babu isasshen lokacin da gwana za ta farfaɗo idan ta fara da ƙafar hagu. Daga 2017 zuwa 2025 an yi gasa takwas, mata takwas daban-daban suka ɗauka. Marketa Vondrousova ta ci a 2023 tana ta 42 a duniya, ba ta ma cikin gwanaye 32 da ake warewa. Wadda ta doke a wasan ƙarshe ita ce Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda Afirka da ƙasashen Larabawa suka zuba wa ido, kuma ita aka fi kyautata wa zato a ranar. Da shekara ta zagayo, a zagayen farko aka fitar da Vondrousova, kofin ya tafi hannun Barbora Krejcikova da take ta 31 a jerin gwanayen da aka ware. A 2025 Coco Gauff ta zo da kofin Faransa sabo fil, ta faɗi a zagayen farko, haka ma Jessica Pegula da take ta uku.

To amma ko da a ce babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru, ko da gwanaye suna cin wasanninsu yadda ake zato, mai bin su ba zai fita ba. Nan ne gizo yake saƙar, kuma lissafi ne da ɗan firamare zai iya.

Mu ƙaddara kamfani ya sa wa gwani farashin 1.10, ya sa wa abokin karawarsa 7.00. Ka zuba naira 1,000 a kan gwani, idan ya ci a ba ka 1,100. Ribarka naira 100. Idan ya faɗi, 1,000 ta tafi gaba ɗaya, sai ka ci irin wannan wasa sau goma a jere kafin ka dawo inda ka tashi. Don ka tashi ba ci ba asara a wannan farashi, dole gwani ya yi nasara sau 91 a cikin kowane wasa 100. Wanda ya bi ɗaya ɓangaren kuma yana buƙatar nasara sau 14 da ɗoriya. Haɗa biyun, ka samu 105. Wasa 100 ba ya haifar da nasara 105. Biyar ɗin nan da ta hau kai ita ce la'adar kamfani, kuma ya riga ya cire ta kafin a buga ƙwallon farko, ko wa ya ci. Duk abin da ka sani game da Alcaraz ko Sinner, kamfanin ya san shi, da ma'aikata da kwamfutoci da bayanan kowane maki da aka buga, kuma ya riga ya zuba shi a cikin farashin. Ba a biyan mutum don ya san abin da kowa ya sani.

Gaskiya ne masu nazarin kasuwannin caca sun daɗe da lura cewa wanda yake bin gwanaye ya fi wanda yake bin 'yan baya jinkirin asara. Jinkiri ne, ba tsira ba. Kuma wannan ɗan sassaucin ma ba ya daɗewa, saboda babu matashin da zai zauna yana jiran ribar naira 100. Abin da yake yi shi ne ya jera gwanaye a tikiti ɗaya. Ka gan shi a bakin shago ko a majalisa da yamma, ya duƙufa a kan waya, babban yatsa na sama da ƙasa, yana tsinto sunayen da ya sani: wannan ba ya faɗuwa, wannan ma, wannan ai ita ce ta ɗaya a duniya. Wataƙila bai taɓa kallon wasan tanis daga farko har ƙarshe ba, bai san yadda ake ƙirga maki ba. Ya jera goma, kowanne a 1.10, waya ta nuna masa 1,000 za ta koma kusan 2,590. Ya danna, ya mayar da wayar aljihu, yana ji kamar ya yi zubin adashi yana jiran kwasa.

Mu yi masa adalci, mu ce kowane ɗaya daga cikin gwanayen nan goma yana cin irin wannan wasa sau 88 cikin 100. Yiwuwar dukansu su ci a tare ba ta wuce 28 cikin 100 ba. Idan ya yanki irin wannan tikiti sau 100, ya zuba naira 100,000, abin da zai dawo masa bai kai 73,000 ba. La'adar da take ƙarama a wasa ɗaya ta taru a kan wasanni goma ta zama babba. Shi ya sa kamfanoni suke ƙara wa mai dogon tikiti garaɓasa, suna kwaɗaita masa ya ƙara wasa ɗaya, ya ƙara wani. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda asarar take zuwa. Tara sun ci, ɗaya ya faɗi. Sai ka ji yana cewa "wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti", yana nuna wa abokai, yana ganin saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin ne zai dawo da shi gobe da kuɗin da ya fi na yau. Ba ya ganin cewa faɗuwar ɗaya cikin goma ita ce abin da ya fi yiwuwa tun farko.

Ko wanda ya ce shi gwani ɗaya zai bi har ya ɗaga kofi, wasa bakwai ne a gabansa. Ɗan wasan da yake da tabbacin 90 cikin 100 a kowane zagaye, yiwuwar ya tsallake bakwai ɗin ba ta kai rabi ba.

Akwai kuma ranakun da mai bin gwani yake ci, waɗanda a ganina su ne suka fi cutar da shi, domin suna tabbatar masa da cewa iliminsa ne ya yi aiki. A zagaye na huɗu na 2025, Grigor Dimitrov ya ci Sinner turmi biyu na farko, 6-3 da 7-5, Sinner kuma yana fama da gwiwar hannu bayan ya faɗi a farkon wasan. Ana 2-2 a turmi na uku, Dimitrov ya yi bugu, ya dafe ƙirji ya zauna a kan ciyawa. Tsokar ƙirjinsa ce ta samu rauni. Ya fita yana kuka, Sinner ya wuce, bayan kwana shida ya ɗaga kofi. Wane nazari ne ya hango wannan? A wasan ƙarshe na 2019 Federer ya tara maki 218, Djokovic 204, Federer ya samu damar rufe wasa har sau biyu yana kan bugunsa, amma Djokovic ne ya tafi da kofin. Wanda ya ci kuɗi a ranar zai ce ya san Djokovic ba ya karaya. Da ƙwallo ɗaya ta kauce da faɗin yatsa, da wani ne yake wannan alfaharin. Ga kuma batun janyewa saboda rauni, irin wadda Djokovic ya yi a 2017 da Nadal a 2022 kafin wasan kusa da na ƙarshe. Kowane kamfani da nasa ƙa'idar kan yadda ake yi da kuɗin mutane idan haka ta faru, an rubuta ta da ƙananan haruffa a inda kusan ba mai karantawa.

Abin bai tsaya a aljihun mai caca ba, ya shiga cikin wasan kansa. Wanda ya yarda cewa nasara tabbas ce, idan ta kuɓuce ba ya cewa lissafina ne ya kuskure, cewa yake an cuce shi. Sai ya nemi ɗan wasan a Instagram ya sauke masa kwandon zagi. A 2024 Caroline Garcia ta Faransa ta wallafa irin saƙonnin da aka turo mata bayan ta faɗi a gasar Amurka, har da masu yi mata fatan mutuwa, ta kuma soki yadda gasanni suke ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanonin caca. A 2025 Katie Boulter ta Birtaniya ta bayyana nata, ciki har da barazana ga danginta. Rahoton da hukumomin tanis na WTA (ta 'yan wasa mata) da ITF (ta ƙasa da ƙasa) suka fitar a shekarar ya ɗora kashi 40 cikin 100 na cin zarafin da aka gano a kan fusatattun 'yan caca. Mutum ya yi atisaye tun yana yaro, ya faɗi wasa a gaban duniya, ya koma ɗaki ya tarar da wanda bai taɓa gani ba yana tsine masa saboda naira dubu biyu. Tanis ta kuma sha fama da sayar da wasa, musamman a ƙananan gasanni inda 'yan wasa ba sa samun abin kirki, har sai da aka kafa sashe na musamman a 2008 don sa ido a kan lamarin.

Ga Musulmi hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri guda, kuma da yawa daga cikin samarin da suke yi sun san da haka. Abin da yake ba su damar kwana da lamirinsu shi ne wannan tatsuniya ta cewa bin gwani sani ne ba sa'a ba, sana'a ce ta mai kaifin ƙwaƙwalwa. Don haka nake ganin wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba sai an haɗa da alƙaluma. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, na kuma fahimci dalilinta. Amma shagon yanzu yana cikin waya, a buɗe yake ƙarfe biyun dare, babu maƙwabcin da zai gan ka kana shiga.

A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa jihohi ne suke da hurumin tsara harkar caca, ba gwamnatin tarayya ba. Jihohin da suka haramta, sai su bi haramcin har cikin tallace-tallacen da suke shigowa ta waya da rediyo. Waɗanda suka ba da lasisi kuwa, ba su da hujjar barin kamfani ya nuna wa mutum abin da zai iya ci kaɗai. A tilasta masa ya rubuta a jikin kowane tikiti yiwuwar cinsa cikin 100 bisa farashin da shi kansa ya sa, a kuma nuna wa kowane mai asusu jimillar abin da ya zuba da abin da ya kwasa tun ranar da ya buɗe, a shafin farko, ba sai ya nema ba. Kamfanonin suna da waɗannan alƙaluma har na kwabo. Masu sayar da "wasannin tabbas" a WhatsApp da Telegram kuma a ɗauke su a matsayin 'yan damfara, domin wanda yake da tabbas ba zai tsaya karɓar kuɗin rajista a hannun ɗalibai ba. Masu gabatar da shirye-shiryen wasanni a gidajen rediyonmu, waɗanda samari suka yarda da su fiye da kowa, su daina karanto farashin caca a tsakiyar sharhi kamar wani ɓangare ne na labarin wasan.